An Yanka Rago, Ina Labarin Mai Jego?



A wannan fitowa muna so mu duba wani abu da kunnenmu ya saba da shi har ya daina sauraronsa, wato wa'azin da ake yi ranar suna. Duk wanda ya kwana biyu a unguwar nan ya san tsarinsa. An sallame asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, an shafa fatiha, sai a ce Malam ya ɗan yi nasiha kafin mahauci ya kayar da rago. Nasihar kuwa ba ta canzawa. Za a lissafa haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa: a zaɓa masa uwa tagari, a sa masa suna mai kyau, a yanka masa, a ba shi tarbiyya. Daga nan sai a juya kan mata, a nan ne kuma murya ke ɗagawa. Anko, kiɗa, liƙi, kayan fitar suna da suka fi ƙarfin miji. Maza su yi dariya, a watse. Wa'azozin da ake turo mana ta WhatsApp daga Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato su ma, in sun taɓo haihuwa, galibi hanyar ke nan.

Ba mu ce ƙarya ake faɗa ba. Almubazzarancin suna gaskiya ne, mu da muke kasuwa mun san yadda mutane ke cin bashi saboda shi. Abin da muke tuhumar wannan wa'azi da shi shi ne giɓin da ya bari, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai mutum ɗaya a gidan wadda saboda ita aka taru. Kwana bakwai da suka wuce tana tsakanin rai da mutuwa, yanzu tana bayan labule tana jin duk abin da lasifika ke faɗa. In an ambace ta, to a matsayin mai laifi aka ambace ta. Shi kuwa maigidan, wanda ya fi kowa buƙatar a koya masa wani abu a wannan safiya, sai ya tashi da fahimtar cewa tunda rago ya faɗi, an sayo ƙauri, an jibge itacen wanka, ya sauke nauyin da ke kansa. Alhali nauyin bai ma fara ba.

Akwai ciwon da ke samun mace bayan ta sauka, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Kafin mu yi nisa ya kamata a raba shi da maƙwabtansa biyu. Na farko shi ne ɗan kukan nan da saurin fushi da ke zuwa kwana biyu ko uku bayan haihuwa. Wannan yana samun mata da yawa ƙwarai, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Na biyu shi ne taɓin hankali na gaske, wanda mace za ta daina barci gaba ɗaya, ta riƙa surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan bai da yawa, mace ɗaya ko biyu cikin 1000, kuma yakan bayyana cikin makonni biyun farko. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da sunan da suke kiransa, abisinwin. Za mu dawo kansa.

Wanda muke magana a kai yana tsakiya, kuma shi ya fi ɓuya domin ba ya ihu. Mako biyu ya wuce, uku ya wuce, arba'in ta zo, mace na nan jiya i yau. Ba ta jin daɗin komai. Jariri ya yi barci ita idonta biyu. Abinci ba ya shiga, ko ya shiga ba ɗanɗano. Hawaye na zuba ba dalilin da za ta iya faɗa. Tana ganin kanta uwar banza wadda ba ta iya komai ba, tana tsoron a bar ta da yaron, ko kuwa ta kasa barin kowa ya taɓa shi. Wata takan kai ga tunanin cewa da ta mutu da kowa ya huta. Yana iya farawa tun da cikin, yana iya bari sai bayan watanni. Dalilinsa kuwa ba ɗaya ba ne. Wata tara jikin mace na tara wasu sinadarai masu riƙe ciki, da mabiyiya ta faɗo sai su zube cikin 'yan kwanaki. A ɗora rashin barci a kai, da jinin da ta zubar, da ciwon ɗinki ko na tiyata, da tunanin kuɗin haya, da zaman kaɗaici, da miji mai faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa irin tamu kuwa abin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar ke nan. To Alhaji, ƙirga sunayen da ka ci goronsu daga ƙaramar salla zuwa babba, ka raba biyar.

Da yake ba a taɓa gaya wa mutane sunan ciwon a kan tabarma ba, sai kowa ya raɗa masa nasa. Uwar miji ta ce raki ne, 'ya'yan zamani ba su da ƙashi. Miji ya ce butulci ne, me na rage ta da shi? Maƙwabta su ce iska ce, ta yi wanka da magariba. In akwai kishiya kuwa an huta da bincike, an san mai shi. Fina-finanmu ma sun taimaka wurin dasa wannan. Sau nawa ka ga mai jego ta fara zabure-zabure a fim, fitowa ta gaba ba a nuno kishiya durƙushe gaban boka ba? Mun daɗe muna jiran fim ɗin da za a kai irin wannan mata asibiti, likita ya ce ciwo ne, ta sha magani ta warke, kishiyar kuma a gan ta tana goya jaririn. Mai yiwuwa masu shiryawa na ganin wannan ba zai yi kasuwa ba. Amma gidaje nawa zargin sammu ya raba?

Akwai kuma wani labule da al'adarmu ta rataya da kyakkyawar niyya, wanda ciwon ke fakewa a bayansa: kunyar ɗan fari. An koya wa yarinya cewa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce ta ɗauka. To ga yarinya ta haihu, zuciyarta ta bushe, ba ta jin komai game da abin da ta haifa, ta juya masa baya tana kallon bango. Masu zuwa barka su shigo su ce, kai, wance akwai kara, akwai alkunya, irin matan da ke nan. Ana yabon ta a kan alamar ciwonta. Ita kuma ta ji yabon ta ƙara kulle bakinta, domin ta yaya za ta ce wa gwaggonta ba kunya ba ce, ni dai ba na jin son sa ne? Mai bambance kunya da ciwo shi ne wanda ke ganin ta lokacin da baƙi suka watse. Mai kunya in ɗaki ya zama daga ita sai ɗanta za ka ji tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mai ciwo shirun ranar shi ne na daren. Wa ke ɗakin a wannan lokaci? A garuruwanmu na asali uwarta ce. A nan kuwa, sau da yawa, mijin ne kaɗai.

Wannan shi ne abin da masu wa'azinmu suka kasa lura da shi, suna karanto nasihar da aka ɗinka wa Kano suna sa wa Ibadan. A gida, mace mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki tun kafin ta haihu, ta yi wankan jegonta a can. Ga uwa, ga kaka, ga ungozoma, ga ƙannen da za a aika. Ba ta girki, ba ta wanki, in jariri ya hana ta barci wata ta karɓa. In ta yi shiru da yawa akwai tsohuwar da za ta lura. Miji a can aikinsa aike ne da leƙe, shi ya sa ba wanda ya damu ya koya masa komai. Gaskiya ne tun da aka kafa Sabo a 1916 akwai gidajen da suka yi jijiya, yarinya ta haihu uwarta na layi na gaba, waɗannan da sauƙi. Amma ku dubi amaryar da aka ɗauko daga Arewa bara. Tana ɗaki ɗaya a gidan haya a Ojoo ko Bodija ko wajen Akinyele, ba ta jin Yarbanci, maƙwabtanta ba sa jin Hausa, ba ta fita. Uwarta na nesan tafiyar yini da kwana a mota, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 ya ƙara tarwatsa wasu gidajen da a da suke jingine da juna. Miji ya fita tun asuba, ya dawo bayan isha ya tarar ba a ɗora tukunya ba, ya buɗe baki.

Yarbawa uwa ko suruka kan zo ta zauna da mai jego. 'Yan ƙabilar Ibo suna da nasu da suke kira omugwo, uwa ta taso ko daga ina ta zo ta yi makonni. Kowa ya san ba a barin mai jego ita kaɗai. Mu da muka taso da al'adar zuwa kudu, sai muka ɗauko tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya da kunun kanwa, muka baro mutanen. Alhali albarkar jegon a mutanen take. Ruwan zafin da kanwar ma, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa mace da shi. Saboda haka in mai jego na haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce damuwa ce ko iska, a yi asibiti da ita a ranar.

Idan magana ta kai kunnen malam, amsar da aka fi ji ita ce raunin imani ne, mumini ba ya damuwa, ta yawaita salla. Wannan amsa tana ba mu mamaki daga bakin wanda ya karanta Ahalari. Mai jinin biƙi ba ta salla, ba ta azumi, ba ta shiga masallaci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jinin na iya kai wa kwana 60. Wato a daidai lokacin da zuciyarta ta fi rauni, abin da ta saba jingina da shi sau biyar a yini an ɗauke mata shi, da izinin shari'a. Sai kuma a zo a ce mata ciwonta daga rashin ibada ne? Abin da ya kamata a gaya mata, kuma yana nan cikin littafin, shi ne zikiri da addu'a ba su haramta gare ta ba, karatun Alƙur'ani da ka ma ya halatta muddin ba ta taɓa Mus'hafi ba. Mata da yawa ba su san wannan ba, suna zaune kwana arba'in suna ganin ko sunan Allah ba su isa su ambata ba.

Batun cewa mai imani ba ya baƙin ciki kuwa, sai mu tambaya, imanin wa ya kai na Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya tafi da ganinsa? Kuma duk ɗalibin da ya kai Suratu Maryam ya san abin da ya faru a gindin dabinon nan. Mace mafi tsarki, ita kaɗai, nesa da danginta, naƙuda ta kama ta, har ta yi burin da ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba, ba a ce imaninta ya yi rauni ba. An lallashe ta, an nuna mata ruwa, an ba ta ɗanyen dabino, an kuma ɗauke mata nauyin amsa tambayoyin mutane. Duk mijin da ke neman tsarin kula da mai jego, ga shi nan a jere. Mun sha jin an karanta wannan ƙissa a tafsirin azumi, ana kawo fa'idar dabino ga mai naƙuda, amma ba a cika tsayawa kan maganar da ta fito daga bakinta ba, da irin amsar da ta samu.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne, mu ba mu gaje shi ba, su nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da sanannen dalili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai. Na biyun ya ce tushensa a jiki yake, kuma ana bi da shi ta hanyar maganin jiki tare da hira da ɗebe kewa. Fiye da shekara 1000 ke nan. Su kuma masu cewa iyayenmu sun haifi goma ba su yi wannan ba, a je a zauna da tsofaffin matan unguwa a tambaye su a hankali. Za a ji labarin wance da aka ce iska ta shige ta bayan haihuwa aka mayar da ita gida, da wance da ta yi yaji da ɗanyen goyo ba ta sake dawowa ba.

Ba mu hana ruƙiyya ba, wa ya isa? A yi tofi, a karanta mata abin da ya sauwaƙa, a yi sadaka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kulle mace mai ɗanyen jiki a ɗaki da hayaƙin barkono, a riƙa tsula mata bulala wai aljani ake duka, a yi ta yi mata tsawa sai ta faɗi sunan wanda ya turo shi. Mace mai neman a ƙyale ta za ta faɗi kowane suna. Sannan a karɓi kuɗin da ya isa a kawo uwarta daga Arewa ta jirgin sama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, bai kuma ce addu'a da magani kishiyoyi ba ne.

To me ke kan miji? A nan ma littattafan da ke cikin gafakarmu sun riga mu. Risala ta ce mai hali wajibi ne ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. In uwa ba ta da lafiya ko nono ya ƙi zuwa, neman mai shayarwa da biyanta a wuyan uba yake, ba abin gori ba ne a kanta. Sakin mace cikin jinin biƙi haramun ne kamar na haila, wanda ya yi kuma, in bai cike uku ba, ana tilasta masa ya mayar da ita. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, ita ce kuma ta ruwaito falalar talbina, wani kunun sha'ir da ake dama wa marar lafiya da mai baƙin ciki don ya sanyaya zuciya. Waɗannan duk ba baƙin abubuwa ba ne ga mai wa'azi. Ana dai tsallake su ne a tafi babin biyayya.

Abu na farko da za ka ba ta, malam, barci ne. Wallahi ya fi atamfa. Ka karɓi yaron bayan ta shayar da shi da dare, ka fita da shi tsakar gida, ka bar ta ta samu sa'o'i huɗu ko biyar a jere. Gemunka ba zai zube ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Mu 'yan kasuwa ba mai ba mu hutu, amma kuma ba mai hana mu. Wanda zai iya barin yaron shago da rumfa ya tafi ɗaurin aure Zariya kwana uku, zai iya dawowa gida da la'asar na mako biyu. In akwai halin kawo uwarta ko yayarta, a rage ragon ya zama madaidaici a sa kuɗin a mota. In babu, a sa mata kati a waya, a kuma nemi wata dattijuwa cikin unguwa a biya ta. Masu zuwa barka su ma a yi musu iyaka. Mace ba ta runtsa ba, amma daga hantsi zuwa magariba tana zaune tana amsa ina gajiya, tana murmushin dole.

Sai kuma baki. In ta ce ba ta jin daɗi, kada ka ce ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Ta san da haka, shi ne ma abin da ke cin ta, tana ganin kanta marar godiya. Kada ka kawo mata misalin uwarka ko uwargidanta. Zauna ka ji, ko da abin da take faɗa bai yi maka ma'ana ba. Ka ce mata, Maman Abba, wannan ciwo ne, yana samun mata da yawa, ana warkewa, ba laifinki ba ne. Za ka maimaita wannan sau da yawa kafin ya shiga. In an yi arba'in ta ce ba ta shirya komawa shimfiɗa ba, ka yi haƙuri, kada ka jawo mata hadisin tsinuwar mala'iku, marar lafiya ba mai ƙin miji ba ce. Masu ɗabi'ar nan kuma ta fara neman aure da zarar mace ta shiga jego, wai kada su zauna haka nan, ba mu ce sun yi haram ba. Amma mutum ya dubi lokaci. Wanda ya ga ɗakinsa na yoyo ba ya tafiya yin sabon gini ya bar mutane cikin ruwa.

Akwai tambayar da ke da nauyi a baki amma dole a yi ta. In ka ga abin ya yi zurfi, ka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ko yaron. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai. In ta ce e, ko ka ga alamun wancan taɓin hankali da muka ambata a baya, to ba a kwana. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da jaririn ba wani babba a kusa, a kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da wuƙaƙe daga ɗakin, a tafi asibiti a daren. Wannan da jijjiga da zubar jini duk layinsu ɗaya wurin gaggawa. Kuma shi ma ana warkewa daga gare shi.

Mu a Ibadan ba mu da uzurin rashin wurin zuwa. Ga asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu, da sashen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga asibitin haihuwa na Adeoyo. Ga ƙananan asibitocin unguwa inda ake awo da rigakafi. A irin waɗannan ƙananan asibitoci na jihar Oyo ne Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka yi wani bincike da aka buga a 2019, inda ma'aikatan awo, waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, suka kula da mata masu wannan ciwo, kuma kimanin biyu cikin uku suka samu sauƙi kafin yaransu su wuce wata shida. Wato ba sai an kai ga babban likita ba kafin a fara. Rigakafin yara ana yin sa a mako na 6 da na 10 da na 14, na mako shidan kuwa ya faɗo daidai da arba'in. Ka raka ta ranar, ka shiga, ka gaya wa nas abin da kake gani a gida, domin ita da bakinta lafiya lau za ta ce. A duba jininta ma, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na iya kawo irin wannan kasala. Wata hira da shawara kawai za su ishe ta. Wata sai an haɗa da magani, kuma akwai waɗanda ba sa hana shayarwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya don an ga sauƙi. Abin da ba a yi shi ne zuwa kemis a ce a ba da na barci.

Mun san abin da ke riƙe ƙafar mutane: kada a ce matar wane ta haukace, kada a ce an kai ta Aro, gobe a ƙi auren 'ya'yanta. To shi Aro ɗin da ake tsoron sunansa, a can ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda marar lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti yana komawa cikin jama'a, saboda ya gane mutum ya fi saurin warkewa a tsakanin nasa. Duniya ta yaba wa wannan tsari. A farkon 2023 kuma an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Hukuma ta canza harshe, saura majalisun ƙofar gida.

Ga 'yan'uwanmu masu hawa buzu ranar suna, roƙonmu ƙarami ne. Cikin minti goma sha biyar da ake ba ku, a ware uku a fuskanci maigidan da uwarsa da ke sauraro daga ciki. A faɗi sunan ciwon, a faɗi alamunsa, a ce mako biyu ne iyakar jira. Anko ba zai gudu ba, ana iya komawa kansa a suna na gaba.

Malaman Islamiyyar matan aure su ma suna da rawar da ba namijin da zai iya taka ta. Su ne ke shiga ɗaki, su ne mace za ta iya buɗe wa ciki. Akwai matsalar harshe da ke hana baƙin amare amfana da asibiti: nas na Yarbanci ko Turanci, mai jego na Hausa, mijin da ke fassara kuma shi ne wanda take jin nauyin faɗin wasu abubuwa a gabansa. Muna da 'yan mata da zawarawa haifaffun Sabo waɗanda Yarbanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa. Kwamitin kowane masallaci na iya tsayar da biyu ko uku daga cikinsu, masu riƙon sirri, waɗanda za su leƙa duk mai jegon da ba ta da kowa a gari bayan an watse daga suna, su sake leƙawa kafin arba'in, su kuma raka ta asibiti ranar rigakafi. Kuɗin motarsu zuwa da dawowa asusun masallaci zai iya ɗauka.